GIZO-GIZON DA KE ƘETARE KOGI DA ZARE ƊAYA

Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san Gizo tun kafin ya san baƙi da wasali. Shi ne mai dabarar nan na tatsuniya, makwaɗaici, mijin Ƙoƙi, wanda zai damfari zaki da kura a rana ɗaya ya koma gida ya kwana lafiya. Ko na'urar zamani da ta haɗa duniya wuri guda, da muka tashi sa mata suna, saƙarsa muka aro muka ce yanar gizo. Amma duk da haka, in gari ya waye, sai uwargida ta ɗaura tsintsiya a kan dogon sanda ta bi kusurwar ɗaki tana share masa gida, don a ganinmu ba abin da ke ciki sai ƙazanta.

To, a wannan mako za mu ajiye tatsuniya, mu kai ku tsibirin Madagaska, inda wani gizo-gizo na gaske ke yin abin da ko Gizon tatsuniya ba a taɓa jingina masa ba. Shi wannan yakan ja zare daga wannan gaɓar kogi zuwa waccan, tsawon da kan kai mita 25, watau wajen ƙafa 82, sa'an nan ya rataye tarunsa a kan tsakiyar ruwa. Da aka kai zaren ɗakin gwaji, sai aka tarar a cikin duk abubuwan da masu rai ke yi, waɗanda aka taɓa aunawa zuwa lokacin, babu wanda ya kai shi juriya. Abin da ya fi ba da mamaki kuwa shi ne, har zuwa shekarar 2010 wannan halitta ba ta da suna a littattafan masana.

INDA YAKE ZAUNE

Madagaska tsibiri ne a cikin tekun Indiya, wajen kilomita 400 daga gaɓar ƙasar Mozambik. Shi ne na huɗu wajen girma a cikin tsibiran duniya, don faɗinsa ya kusa kashi biyu cikin uku na faɗin Nijeriya. Faransa ce ta mulke shi har ya sami 'yancin kai a 1960, shekara ɗaya da mu ke nan, kuma babban birninsa shi ne Antananaribo. Masana ilmin ƙasa sun ce tsibirin ya rabu da sauran ƙasashe tun miliyoyin shekaru da suka wuce, saboda haka dabbobinsa da itatuwansa suka ɗauki hanyarsu dabam. Kusan tara cikin goma na irin halittun da ke can ba a samun su a ko'ina a duniya sai can.

A gabashin tsibirin akwai tsaunuka da kurmi mai duhu, inda ake ruwan sama kusan duk shekara, kuma rafuka da koguna suna gangarowa ta cikin itatuwa. Gandun daji biyu na gwamnati su ne suka fi shiga labarinmu. Ɗaya shi ne Andasibe-Mantadiya, gabas da babban birni. Ɗayan kuma shi ne Ranomafana, can wajen kudu, inda kogin Namorona ke ratsawa. A waɗannan wurare ne aka yi nazarin gizon, a kan koguna da rafuka da ƙananan tafkuna. Masu gadin dajin da masu yi wa baƙi jagora sun daɗe da sanin wannan saƙa, don abin da ya ƙetare kogi a sarari ba ya ɓuya. Sai dai sanin ido dabam, shiga littafi dabam.

YADDA AKA RAƊA MASA SUNA

Mutum biyu ne suka raɗa masa suna, watau Dakta Matjaž Kuntner, mutumin ƙasar Silobeniya, da Dakta Ingi Agnarsson, mutumin tsibirin Aislan, wanda a lokacin yake koyarwa a Jami'ar Fotoriko. Sun buga bayaninsu a 2010 a wata mujallar Amurka da ba ta da aiki sai nazarin gizo-gizo da kunama da danginsu.

Kada mai karatu ya ɗauka raɗa wa halitta suna abu ne na kwana bakwai kamar na jariri. Da farko sai an kamo mace da namiji an ajiye su cikin ruwan sifirit don kada su ruɓe. Sa'an nan a sa su ƙarƙashin madubin nan mai girmama ƙananan abubuwa, a auna kowace gaɓa, a zana ta. A wajen gizo-gizo, abin da ya fi rarrabe wani iri da wani shi ne siffar gaɓoɓin haihuwa, don launi yakan yaudari ido. Bayan haka sai mutum ya bi gidajen ajiye kayan tarihi na ƙasashe, yana buɗe tsofaffin kwalabe, waɗansu tun na shekaru ɗari da suka shige, don ya tabbata ba wani ne ya riga shi ba. In ya tabbata, sai ya zaɓi guda ɗaya ya ajiye a gidan tarihi a matsayin abin kwatance har abada, ya rubuta bayani, waɗansu masana su tace, kana a buga.

Sunan da ake bayarwa kashi biyu ne, cikin harshen Latin, bisa ƙa'idar da wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Linnaeus ya shimfiɗa tun ƙarni na 18. Na farko sunan dangi, na biyu sunan yanka. Wannan gizo sunansa Caerostris darwini. Danginsa an san su tun 1868, ana kuma samun su a Afirka da Madagaska da wani sashe na Asiya. Ana kiran su gizon ɓawon itace, saboda in ɗayansu ya naɗe ƙafafu ya lafe a jikin reshe, sai ka rantse kullutun itacen ne. Sunan yankan kuwa an ɗauko shi daga Charles Darwin, Baturen Ingila, don an kammala bayanin a ƙarshen 2009, daidai cikar shekara 150 da fitowar shahararren littafinsa kan asalin ire-iren halittu. Sunan ya dace ta wata fuska kuma. A 1832, sa'ad da Darwin ke cikin jirgin ruwa mai suna Beagle, wajen mil 60 daga gaɓar ƙasar Ajantina, ya ga ɗimbin 'yan ƙananan gizo-gizo suna sauka a kan igiyoyin jirgin, iska ta ɗauko su da zarensu tun daga tudu. Wannan dabara ta ba iska zare ita ce dai asirin gizon da aka sa wa sunansa.

MACE CE MAI AIKIN

A tatsuniya Gizo ne maigida, Ƙoƙi kuwa sai haƙuri. A bakin kogin Namorona abin ya juye. Macen ce babba, ita ce kuma mai wannan saƙa da ake magana. Tsawon jikinta, ban da ƙafafu, wajen santimita 2 ne, watau bai kai inci ɗaya ba, nauyinta kuwa wajen rabin giram. Baƙa ce, da fararen gashi a ciki da ƙafafu. Namijin ja ne, tsawonsa wajen milimita 6, kamar ƙwayar wake ƙarama, kuma ta ninka shi nauyi fiye da sau goma. In ya balaga ba shi da wani aiki sai neman inda mace ta yi saƙa, ya raɓe a gefe yana jira. Neman auren nan kuwa da haɗari, don wani lokaci takan cinye shi. An ga namijin yana nannaɗe ta da zare kafin ya kusance ta, kamar mai neman a yi sulhu tukuna.

Tarun da take saƙawa mai da'ira ne, irin wanda muka saba gani a lambu da asuba in raɓa ta sauka, sai dai girman ba ɗaya ba. An auna wanda faɗinsa ya kai murabba'in mita 2.8, watau kamar katifar gado mai cin mutum biyu. Ku dubi wannan, ku dubi mai saƙar da ba ta fi gaɓar yatsa ba. Raina kama ka ga gayya ke nan.

Me ya kai ta tsakiyar kogi? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Akwai ƙwari masu yawa da ke yin ƙuruciyarsu a cikin ruwa, in sun yi fiffike su taso sama gaba ɗaya, kamar yadda shinge ke tasowa bayan ruwan farko. Sararin da ke bisa kogi hanyarsu ce, kuma sauran gizo-gizo ba su iya kai taru can. Ita kaɗai ke cin wannan kasuwa. An taɓa ƙirga irin waɗannan ƙwari har 32 a cikin taru ɗaya a lokaci guda. In abinci ya yi yawa haka takan nannaɗe su da yawa a ƙunshi ɗaya. Har 'yan cin arziki gare ta, don akwai waɗansu ƙananan ƙudaje da ke zuwa su sauka a kan abin da ta kama suna tsotsa, ba tare da sun saƙa ko zare ɗaya ba.

YADDA TAKE ƘETARE KOGI

Tambayar da kowa zai yi ita ce, ta yaya abin da ba ya tashi, ba ya kuma iyo da zare a baki, zai kai igiya wancan ƙetare? Wani ɗalibin Dakta Kuntner mai suna Matjaž Gregorič ya zauna a bakin ruwa tare da abokan aikinsa suna kallo, suka buga abin da suka gani a 2011.

Takan hau reshen da ke bakin gaɓa, ta ɗaga ƙarshen cikinta sama, ta fara sakin zare a cikin iska. Kogi kuwa ba ya rasa iska mai bin tsawonsa ko mai ƙetare shi. Zaren ba shi da nauyi, sai iska ta yi ta jan sa, ita kuma tana ta saki, har bakinsa ya sarƙe a wani ganye ko reshe a wancan gefe. Da ta ji ya kama, sai ta janyo shi ya miƙe, ta ɗaure nata bakin, ta bi ta kansa tana ƙara masa waɗansu zaruruwa har ya zama gada mai ƙwari. Daga wannan gada ne take sauko da sauran ginin. Da farko zaruruwan da ke fita daga tsakiya kamar wayoyin ƙafar keke, waɗanda ba su da danƙo. Bayansu sai zaren da ke kewayawa, wanda ke ɗauke da ɗigo-ɗigon danƙo, shi ne mai kama ƙwaro. Dalilin da ya sa ita ba ta maƙalewa a tarkonta shi ne, ta fi taka zaruruwan da ba su da danƙo, kuma ƙafafunta suna da gashi da wani maiƙo da ke hana mannewa.

Tarun kansa ba ya daɗewa, kusan kullum sai ta sabunta shi. Gadar ce dukiyarta. Ita takan yi makonni tana nan, ana ƙara mata ƙarfi, don in ta tsinke sai an koma roƙon iska daga farko. Ku tuna kuma wannan gada tana ɗauke da nauyin taru, da na mai tarun, da bugun iska, da ruwan sama irin na kurmi, da karon ƙwari masu gudu. Wannan ne ya sa masanan suka yi zato, tun kafin su auna, cewa lalle zaren nan ba irin na kowa ba ne.

ƘARFIN ZAREN

Don gwada zaton nasu sai suka haɗa kai da Dakta Todd Blackledge na Jami'ar Akron a Amurka, wanda ke da na'urar jan zare har ya tsinke tana rubuta abin da ya jure. Sakamakon ya fito a 2010. Zaren gizon Darwin ya ninka na sauran gizo-gizon da aka taɓa aunawa fiye da sau biyu wajen juriya, ya kuma ninka Kevlar wajen sau goma. Kevlar shi ne zaren nan da ake yin rigar sulke ta zamani da shi, wadda soja da 'yan sanda ke sawa don tare harsashi.

A nan sai mu tsaya mu bambanta ƙarfi da juriya, don kada a fahimce mu a karkace. Wayar ƙarfe tana da ƙarfi, za ta ɗauki kaya mai nauyi, amma ba ta miƙewa sosai, in aka fizge ta da gaske sai ta katse. Ɗankon da yara ke harbin tsuntsu da shi yana miƙewa ƙwarai, amma ba zai janyo guga cike da ruwa daga rijiya ba. Juriya ita ce yawan wahalar da abu zai shanye kafin ya tsinke, kuma ba ta samuwa sai ƙarfi da miƙewa sun haɗu. Zaren gizon Darwin bai fi na 'yan'uwansa ƙarfi da wani abin kirki ba, amma yana miƙewa kusan ninki biyu na nasu kafin ya katse. Shi ya sa ƙwaro zai taho a guje ya faɗa, tarun ya lotsa ya shanye gudun, bai yage ba, bai kuma cilla shi baya ba.

Yadda ake yin zaren ma abin a tsaya a duba ne. A cikin cikin gizo mai irin wannan saƙa akwai 'yan jakunkuna har iri bakwai, kowace da irin zaren da take yi, wani na gada, wani na danƙo, wani na naɗe abinci, wani na rufe ƙwai. A cikin jakar zaren ruwa ne mai kauri, na sinadarin furotin, dangin abin da ke cikin farin ƙwai. Sa'ad da ake jan sa ta wani siririn bututu, sai a tsotse ruwan, tsaminsa ya sauya, ya fito ta 'yan kafofin da ke ƙarshen ciki ya zama zare nan take. Ba wuta, ba inji, ba hayaƙi. Kevlar kuwa, wanda wata masaniya mai suna Stephanie Kwolek ta gano a kamfanin DuPont a 1965, ba ya yiwuwa sai an narka kayan haɗinsa cikin ruwan batir mai tsananin ƙarfi.

A 2019 Dakta Jessica Garb ta Jami'ar Masacusets da ke Lowell, tare da abokan aikinta, suka binciki jakar zaren gizon Darwin. Sun sami wani irin furotin da ba a san shi ba a da, wanda suke ganin shi ke ba zaren wannan miƙewa, suka kuma lura bututun da zaren ke bi ya fi na sauran gizo-gizo tsawo. Ku lura da yadda abin ya bi daki-daki. Sai da aka ba shi suna aka san wanda za a auna, sai da aka auna aka san akwai abin nema a cikinsa.

ME YA HANA A YI KIWONSA?

Mai karatu zai ce, to, in haka ne me ya hana a tara su a yi kiwo, kamar yadda mutanen Sin suka yi dubban shekaru suna kiwon tsutsar siliki? Mu ma nan mun san zaren tsamiya da ake yi wa babbar riga aiki da shi, wanda maƙwabtanmu Yarbawa ke saƙa sanyan da irinsa, shi ma daga gidan wata tsutsa ake samun sa. Amsar ita ce tsutsa ganye take ci, tana kuma zama da 'yan'uwanta lafiya. Gizo-gizo maharbi ne, in ka tara su a wuri ɗaya sai su cinye juna.

A Madagaskan dai an taɓa gwadawa, da wani gizo dabam mai zare ruwan zinariya. A wajejen 1880 zuwa 1890 wani limamin Kirista Bafaranshe mai suna Paul Camboué ya fara tatsar zare daga jikinsu, har aka kai labulen gado na wannan zare bikin baje koli na birnin Faris a 1900. Bayan shekara ɗari sai waɗansu mutum biyu, Simon Peers da Nicholas Godley, suka farfaɗo da sana'ar. Kullum da safe mutane su fita su kamo matan gizon, a jera su a wata 'yar na'ura a ja zarensu, sa'an nan a sake su su koma daji. Sai da aka yi shekaru ana wannan aiki, aka tatsi gizo fiye da miliyan ɗaya, kafin a sami mayafi guda mai tsawon ƙafa 11 da faɗin ƙafa 4, wanda aka nuna a birnin Niyok a 2009. A 2012 kuma aka nuna wata alkyabba ta irin wannan zare a birnin Landan. Kyau kam ba a magana, amma ba wanda zai buɗe masaƙa da irin wannan lissafi.

Saboda haka masana suka koma neman hanyar kwaikwayo. Sukan ɗauko ƙwayar gadon da ke umurtar jikin gizo ya yi zare, su dasa ta a jikin wata halitta mai sauƙin kiwo. A wajejen shekarar 2000 wani kamfani a Kanada ya yi haka da awaki, aka sami akuyar da furotin ɗin zaren gizo ke fitowa cikin nononta. An yi da ƙwayoyin bakteriya da yis, kuma akwai kamfanoni a Jamus da Japan da ke wannan sana'a. A 2023 waɗansu masana a ƙasar Sin suka ba da labarin sun sa tsutsar siliki ta saƙa zaren gizo, wanda suka ce ya ninka Kevlar sau shida wajen juriya. Abin da ake fata shi ne zaren ɗinkin tiyata, da abin gyaran jijiyar da ta tsinke, da sulke marar nauyi. Duk mai wannan nema kuwa dole ya koma wurin mai abin ya koya, mai abin kuma tana can rataye a kan kogi a gabashin Madagaska.

DAJIN YANA ƘAREWA

A nan ne labarin ya daina daɗi. Wani bincike da aka buga a 2018 ya nuna tsakanin 1953 da 2014 Madagaska ta yi asarar kashi 44 cikin ɗari na dajinta. Babban dalili shi ne talauci. Manomi yakan sare kurmi ya cinna wuta ya shuka shinkafar tudu, in ƙasar ta gaji bayan 'yan shekaru ya matsa gaba ya sake sarewa. Yawancin gidaje da itace da gawayi suke girki. Ba wanda zai zargi mai iyali da ke neman abin sawa a tukunya, amma kurmin da aka ƙone ba ya dawowa a zamanin wanda ya ƙone shi. Ban da wannan, bayan rikicin siyasar da aka yi a ƙasar a 2009, ɓarayin katako sun afka wa gandunan arewa maso gabas suna sarar wani jan itace mai tsada, ɗan'uwan madobiyarmu, suna fitarwa waje. Abin ya kai a 2010, shekarar da aka raɗa wa gizon suna, hukumar UNESCO ta sa kurmin gabashin tsibirin cikin jerin wuraren tarihi da ke cikin haɗari, kuma ba a cire shi ba sai a 2025.

Gizon da muke magana yana bukatar itace a wannan gaɓa da itace a waccan, da ruwa mai tsabta da zai haifar masa ƙwari. In aka sare gaɓa ɗaya, ba inda zaren zai kama. In laka ta cika kogi saboda zaizayar ƙasa, abinci ya ragu.

Tarihin Ranomafana kansa ya nuna amfanin suna. A 1986 wata masaniya Ba'amurkiya, Dakta Patricia Wright, tana cikin waɗanda suka gano wata dabba dangin biri mai cin gora a wannan daji, wadda masana ba su san da ita ba. A lokacin masu yankan katako sun riga sun shiga. Saboda wannan dabba aka yi ta fafutuka har gwamnati ta mai da wurin gandun da aka tsare a 1991. Ba wanda ya yi don gizo, don a lokacin ba shi cikin lissafin kowa, amma inuwar da aka yi wa waccan dabba ita ta rufe shi har aka zo kansa bayan shekara 19. Abin da ba shi da suna ba mai kai ƙararsa gaban hukuma, in ya ɓace ma ba wanda zai san an yi rashi.

MU FA A NAN GIDA?

Akwai wani kundi da gidan tarihin halittu na birnin Bern a ƙasar Suwizalan ke riƙe da shi, inda ake rubuta kowane irin gizo-gizo da aka sani a duniya. An fara lissafin daga aikin wani ɗan Suwidin mai suna Carl Clerck a 1757. A watan Afrilu na 2022 aka rubuta na 50,000, wani ɗan gizo mai tsalle daga Kudancin Amurka. Shekara 265 ke nan ana ƙirga, kuma masu kundin suna ganin waɗanda ba a gano ba sun kai yawan waɗanda aka gano. Ko a cikin dangin gizon Darwin, a 2015 Gregorič ya sake bayyana waɗansu sababbi daga Madagaska da Mozambik da Afirka ta Kudu.

Ƙasarmu ma tana cikin wuraren da ba a gama ƙirgawa ba. Wata shehiyar malama 'yar ƙasar Folan, Wanda Wesołowska, tare da abokan aikinta, ta bayyana sababbin ire-iren gizo mai tsalle da dama daga kudancin Nijeriya a 2011, da kuma daga yankin Kalaba a 2012. Ita ce dai, tare da wani masani mai suna Robert Jackson, ta raɗa wa wani ɗan gizo na bakin tafkin Biktoriya suna a 2003, wanda aka gano ya fi son macen sauro da ta sha jini a kan kowane abinci. Mu kuwa, duk wannan taro, ba mu da sunan da muke kiran su sai gizo-gizo da tautau.

Ba ƙaramin aiki suke yi mana ba kuwa. Waɗansu masana biyu a Turai sun ƙiyasta a 2017 cewa gizo-gizon duniya suna cin ƙwari da makamantansu tan miliyan 400 zuwa 800 a kowace shekara, alhali naman da kifin da 'yan Adam duka ke ci bai wuce wajen tan miliyan 400 ba. A cikin abin da suke ci har da masu ɓarna a gonar dawa da wake da auduga. Manomin da ya yi wa gona feshin magani ba bisa ƙa'ida ba yakan kashe mai gadin tare da ɓarawon.

Aikin ƙirgar nan ba ya bukatar kuɗi masu yawa. Kwalba ce, da sifirit, da madubi, da haƙuri, da malamin da zai nuna hanya. Jami'o'inmu na Zariya da Badun da Nsukka da sauransu duk suna da sashen nazarin dabbobi, kuma kurmin Kuros Riba da tsaunukan Mambila da fadamun Haɗeja suna nan suna jiran wanda zai duba. Ya kamata a ce sunan da za a raɗa wa gizon da ke bayan gidanmu, ɗanmu ne ya raɗa shi, kuma kwalbar tana ajiye inda jikokinmu za su iya zuwa su gani.

Ga iyaye da malaman makaranta kuma, in yaro ya tsaya yana kallon gizo na saƙa a jikin danga, kada a kore shi a ce wasa yake yi. A ce masa ya ƙirga zaruruwan da ke fita daga tsakiya, ya taɓa da tsinke ya ga wanne ke da danƙo, wanne babu, ya dawo gobe da safe ya duba ko an sake sabuwa. Da irin wannan zama a bakin ruwa aka gano yadda ake ƙetare kogi da zare ɗaya.